Hirar Tsakar Gida: Dara, Ludo, da Tambayar Wani Uba

 A wannan wata za mu ajiye zancen jarrabawa da kuɗin makaranta, mu yi hira a kan wasa. Kada wani ya ce ai abin yara ne ya juya shafi, gama maganar daga bakin babba ta taso, da fushi kuwa ya zo da ita.

Wata ranar Litinin, an fita tara ke nan, sai ga wani uba a ƙofar ajinmu riƙe da hannun ɗansa. Ko gaisuwa ba mu gama ba ya buɗe tafin hannunsa ya nuna mana ɗan ludo, watau ƙwayar nan mai fuska 6 da ake kaɗawa a jefa. Ya ce, "Malam, a aljihun yaron nan na tsinci wannan, ya kuwa ce ku kuka ba su. Ashe caca kuke koya musu?" Muka ba shi kujera, ya ƙi zama. Sai daga baya muka ji dalilin zafinsa. Babban ɗansa ya taɓa kwashe kuɗin rajistar jarrabawa ya kai shagon cacar ƙwallo, bai dawo da ko kwabo ba, shekarar nan kuwa ta wuce shi. Wanda maciji ya taɓa sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Gaskiya ne, mu muka ba yaran. Wani wasa muke ƙagowa tare da su, yaron ya mance ya tafi da ƙwayar gida. Amma tambayar uban nan ta fi ƙarfin a amsa ta a tsaye a bakin ƙofa, mun kuwa tabbata iyaye da yawa suna da irinta a zuci. Domin a fahimci amsar da muka ba shi, sai mun koma inda abin ya faro, watau cikin birnin Kano.

Wata Asabar muka shiga birni ta Ƙofar Mata, muka wuce marinar nan mai tsohon tarihi, za mu Kasuwar Kurmi neman jakar fata. A kan hanyar dawowa, bayan la'asar, muka ratsa ta wani lungu, sai muka tarar da dattawa a inuwar wani soro, sun yi da'ira, kowa ya sunkuya, ba mai ko tari. Muka yi sallama, aka amsa ba tare da an ɗago kai ba. Ashe dara ake yi. Ba allo, ba kwali, ba abin da aka saya da kuɗi. Ƙasa ce aka share aka haƙa gurabu da yatsa.

Ga yadda muka ga suna yi, domin wanda bai sani ba, ko wanda ya sani ya mance. Gurbi 30 ne, jeri 5, kowane jeri gurbi 6. Mutum biyu ke karawa, kowa da 'ya'ya 12. Wannan ya ɗebi tsakuwa, wancan ya kakkarya kara, domin a bambanta na wani da na wani. Da fari kowa yana sa ɗa ɗaya a gurbin da ya ga dama, bi da bi, har 24 ɗin su ƙare, gurbi 6 su rage ba kowa a ciki. A wannan lokaci ba a yarda mutum ya jera 'ya'yansa 3 a layi ba. Sa'an nan a shiga tafiya. Ka matsa da ɗanka gurbi ɗaya, gaba ko baya ko gefe, ba tsallake, ba karkacewa. Duk sa'ad da matsawarka ta jera maka 3 a miƙe, ka ci, sai ka cire ɗa ɗaya na abokin karawarka, wanda ka ga ya fi tsone maka ido. Huɗu a layi ba ci ba ne. Wanda 'ya'yansa suka ragu har ba ya iya jera 3, an cinye shi ke nan, sai ya tashi ya ba wani wuri.

Dokar ke nan duka, yaro ɗan shekara 7 zai riƙe ta a zama ɗaya. Amma riƙe doka dabam, iya wasa dabam. Wani tsoho mai farin gemu ya ga mun daɗe a tsaye, ya ce, "Malam, kallo kaɗai za ka yi? Bismilla." Muka ce, "Baba, a yi mana a hankali." Muka tsuguna, da wandon zuwa kasuwa da duka. Sau 3 muka kara da shi, sau 3 ya share mu, yana yi yana ɓantarar goro. A karo na ƙarshe ya shirya 'ya'ya 5 yadda guda ɗaya zai riƙa kai da kawowa tsakanin gurbi 2: in ya je can ya cika 3, in ya dawo nan ya cika 3. Kowace matsawa ci ce. Muna ji muna gani ya tsince mana 'ya'ya ɗaya ɗaya kamar kaza a kan tsaba, ba mu da wanda zai isa wurin ya tare. Da muka tambaye shi inda muka yi kuskure, bai nuna mana wata matsawa ba. Ya ce tun wurin sa 'ya'ya aka cinye mu, mu ne dai ba mu sani ba. Mun tattara namu wuri ɗaya a gefe kamar tumakin da suka ga kura, shi kuwa ya kama tsakiya, ya kuma lura da inda gurabun nan 6 za su rage, gama ta nan ne kaɗai za a iya motsi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Wasan nan ba na Kanawa kaɗai ba ne. Dakarkari na ƙasar Zuru sun shahara da shi, Zabarmawa a Nijar suna kiransa dili. Akwai kuma wata darar mai gurbi 12 da ƙwaya 48, wadda ake kwasa ana rarrabawa gurbi gurbi, irin wadda Yarabawa suke kira ayo, amma wannan zancen wata rana ne.

Abin da ya tsaya mana a rai a lungun nan shi ne, duk cikin masu wasa da masu kallo ba wanda bai yi furfura ba. Samari suna nan kusa a kan dakali, su wajen 6, kowa ya kafa ido a wayarsa. Ba mu leƙa mun ga abin da suke kallo ba, kada mu ɗauki alhakinsu. Amma da muka koma aji ranar Litinin muka tambaya wa ya iya dara, ba hannun da ya tashi. Da muka ce wa ya iya ludo, har da masu ɗaga hannu biyu.

To, ba mu da faɗa da ludo. Mu ma a kansa muka tashi. A Ingila aka yi masa rajista a 1896, amma asalinsa wani tsohon wasan Indiya ne mai suna Pachisi, wanda da wuri suke jefawa, irin wurin nan da kakanninmu suka yi ciniki da shi a Kurmi. Yana da daɗi, yana haɗa mutum 4, yana koya wa ƙaramin yaro ƙirga da jiran layi. Sai dai a duba a gani, wa ke yin wasan? A yadda muke yi a ƙasar nan da ƙwaya 2, ɗanka ba ya fita gida sai ka sami 6. Hanyoyin da ƙwaya 2 za su iya faɗuwa 36 ne, 11 kaɗai ke da 6 a ciki. In ka bi lissafin, cikin mutum 3 kusan ɗaya zai jefa sau 3 a jere bai fita ba. Yana zaune, bai yi laifin kome ba, 'yan'uwansa sun kai rabin hanya. In ya fita kuwa, ɗan zaɓin da yake da shi shi ne wane ɗa zai tura. Sauran duka na ƙwaya ne. Maciji da Tsani da ake bugawa a bayan allon ludo ya ma fi shi. Shi ma daga Indiya ya fito, can an yi shi ne domin koyar da hali, tsani kyawawan ayyuka, maciji munana. Amma a wasan kansa ba ka da zaɓi ko ɗaya tun daga gidan farko har na 100. Da za ka tashi ka bar wa maƙwabci ya riƙa jefa maka, ba abin da zai sake.

Kartar Whot ta fi su ba mai wasa aiki, domin kai ke zaɓen wadda za ka saki da wadda za ka ɓoye. Ita ma a Ingila aka ƙago ta a 1935, amma yanzu ta fi zama tamu. Abin da ke ba mu sha'awa game da ita shi ne dokoki irin su "ɗauki biyu" da "kowa ya je kasuwa" sun bambanta daga unguwa zuwa unguwa, har baƙo sai ya tambaya kafin a raba. Watau masu wasa ne suka yi ta gyara ta da kansu. Monopoly kuwa, wanda masu hali suke saya wa 'ya'yansu, muna da ƙorafi a kansa. Wata Ba'amurkiya, Elizabeth Magie, ita ce ta fara ƙago tushensa a 1904, domin ta nuna yadda masu gidajen haya suke tatse talaka. Kamfanin Parker Brothers ya fitar da shi a 1935 da sunan da muka sani, a 2012 kuma aka buga na birnin Legas, inda Banana Island ta fi ko'ina tsada, Makoko ta fi ko'ina araha. Wasan ya nuna abin da matar take nufi, har ya wuce gona da iri. Wanda ya tsiyace fita yake yi, ya zauna yana hamma awa ɗaya ko biyu yana kallon yayansa yana tara gidaje. A gida mai ƙananan yara, da kuka yake ƙarewa.

Dara ba ta da ƙwayar jefawa, ba ta da kartar ɓoyewa. Kome a fili yake, kai da abokinka abu ɗaya kuke gani. In an ci ka, ba ka da wanda za ka ɗora wa. Wannan shi ne zaƙinta, shi ne kuma ɗacinta, gama ƙaramin yaro ba zai taɓa cin ubansa ba sai in uban ya sassauta, alhali a ludo ko auta tana iya korar baba gida, gidan ya kaure da shewa. Saboda haka ba mu ce a jefar da ludo ba. Tambayar da muke yi wa kowane wasa ita ce, nawa ya bar wa kan mai wasa, nawa ya bar wa sa'a?

Kada kuma a ɗauka wasan allo aikin marasa aiki ne. A 2015 Wellington Jighere, ɗan Jihar Delta, ya ci gasar duniya ta Scrabble a birnin Perth na Ostareliya, shi ne ɗan Afirka na fari da ya yi haka. Tunde Onakoya ya kafa Chess in Slums a 2018, yana koya wa yaran ƙarƙashin gada a Legas darar Turawa yana sa su makaranta. A Abuja kuma akwai NIBCARD, kamfanin Kenechukwu Ogbuagu, wanda yake ƙago wasannin allo na Nijeriya yana bugawa, har ya sami lambar yabo ta Diana Jones a 2021. Labarin wannan na ƙarshe shi ya zuga mu. Muka ce wa yara, in na Abuja sun yi, me zai hana mu gwada namu?

Muka samo bayan kwalin sabulu, muka zana ganuwar Kano, wadda tarihi ya ce Sarki Gijimasu ya fara gina ta a zamaninsa, tsakanin 1095 da 1134. Yaran da yawa ba su san siffarta ba, ba laifinsu ba ne kuwa, gama yawancinta ta zube, an yi gine-gine a kanta. Muka sa Dala da Goron Dutse, muka ja Jakara, muka sa Kurmi, kasuwar da aka kafa a zamanin Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Muka zaɓi ƙofofi 6: Wambai, Mata, Nasarawa, Na'isa, Kabuga, da Mazugal. Kowane mai wasa falke ne, marfin kwalba jakinsa, ƙwayar wake kuɗinsa. Ya shigo ta ƙofarsa da kaya, ya jefa ɗan ludo ya ƙirga gurabu har Kurmi, ya sayar, ya koma ya ɗebo wani. Wanda ya fara tara wake 30 ya ci. Muka yi masa fenti, muka tsaya muna yaba kanmu.

Sai an gwada akan san na ƙwarai. Kwana 2 da fara wasa aji ya rikice. Laifin kuwa namu ne, na malanta. Mun nace taswira ta zama daidai da gari, to, a gari Ƙofar Wambai tana kusa da Kurmi, Kabuga kuwa tana can yamma da nisa. A kwalinmu daga Wambai gurbi 5 ne, daga Kabuga 14. Yara ba su da diploma, amma kafin mu farga sun gane. Kowa Wambai yake so, har aka kai ga cacar baki da ture-ture, wata yarinya da Kabuga ta faɗo mata sau 2 ta naɗe hannu ta ce ita ta daina. Mun ƙago wasan da ake cinye shi tun kafin a jefa ƙwayar fari. Dara ta ci gida. A nan ne muka gane abin da ya sa magabata suka hana jera 3 a lokacin sa 'ya'ya. Da an yarda, da an fara ci tun ba a gama shiri ba, wanda ya riga sawa ya riƙa kora ɗan'uwansa yana tarewa har ƙarshe. Wani ne can da, wanda ba a san sunansa ba, ya ci karo da irin matsalarmu ya toshe ta da doka guda.

Yarinyar nan da ta yi fushi ita ce ta kawo gyara na fari. Mahaifiyarta 'yar kasuwa ce. Ta ce, "Malam, ai kayan nesa sun fi tsada." Shi ke nan. Muka ba mai Wambai itace da ganye, kaya ɗaya wake 2. Muka ba mai Mazugal gishiri da kanwa, mai Kabuga kuwa goro, kaya ɗaya wake 6. Wani yaro ya ƙara da cewa in mutum ya kawo kaya iri ɗaya sau 2 a jere sai farashi ya faɗi, domin kasuwa ta cika. Wannan doka ta sa fatake suka fara musayar kaya a hanya, ana ciniki ana rantse-rantse har sai da muka tsawata.

Duk da haka akwai saura. Wani yaro mai shiru-shiru, ɗan uban nan da muka fara da labarinsa, ya ce mana wata rana, "Malam, ni ban ga abin da nake yi ba. Ƙwaya ce ke wasa, ni ɗan aikenta ne." Maganar ta yi mana zafi, domin gaskiya ce: mun sāke ƙago ludo ne, muka sa masa rawani. A nan muka koma ga dara muka yi aro. Muka sa a fara da zaɓen ƙofa bi da bi, wanda ya zaɓa a ƙarshe shi zai fara tafiya. Muka zana lunguna, gajerun hanyoyi amma matsattsu, jaki ɗaya kaɗai ke wucewa, saboda haka kana iya tsayawa ka tare wa wani hanya, ko da kai ma za ka yi hasarar lokaci. Ƙwaya kuwa muka mai da ita 2, ka jefa ka zaɓi wadda za ka bi, ko ka raba tsakanin jakunanka. Sa'a tana nan, amma ta koma kamar ruwan sama ga manomi: ba kai ke kawo shi ba, amma kai ke zaɓen abin da za ka shuka da inda za ka shuka shi.

Gyara na ƙarshe daga tarihi muka ɗauko shi. A da, in dare ya yi akan rufe ƙofofin birni, kowace da sarkin ƙofarta. Muka ce bayan zagaye 12 magariba ta yi, an rufe ƙofa, wanda ya rage a ciki ya biya mai masauki wake 3, sa'an nan kowa ya ƙirga abin da ya tara. Ba mai fita tun ana tsakiyar wasa, ba a kuwa wuce rabin awa. Kwali na 4 ke nan muke kai, har yanzu mai Na'isa yana ƙorafi an cuce shi, wataƙila kuwa da gaskiyarsa.

Akwai wani irin wasa kuma da muka ɗanɗana, wanda ba ya bukatar allo sosai. A Amurka aka fara buga shi a 1974 da sunan Dungeons & Dragons, aikin Gary Gygax da Dave Arneson. A taƙaice tatsuniya ce wadda masu sauraro suke shiga ciki. Mutum ɗaya yana ba da labari, sauran kowa ya ɗauki matsayin wani a cikin labarin ya faɗi abin da zai yi, in abin mai wuya ne a jefa ƙwaya a ga ko ya yi nasara. Na Amurkan cike yake da dodanni da masu sihiri, abin da ya sa iyaye da yawa a can suka yi ta gardama a kansa a shekarun 1980. Mu ba mu ga bukatar dodannin wasu ba. Muka ɗauki ayarin fataken Kano zuwa Gwanja, wanda yakan ɗauki tufafin rini da kanwa da fatu, ya haye Kwara wajen Yawuri, ya ratsa ƙasar Bargu har Salaga a cikin Gana ta yau, ya juyo da goro bayan watanni. Wannan ya zama madugu, wancan jagaba, wancan uban dawaki. Muka ce musu, "Kun iso bakin ruwa, masu fito sun ninka kuɗi, goro kuwa ba ya jira. Me za ku yi?" Suka yi minti 20 suna shawara, madugu yana rarrashi, jagaba yana so a nemi wani mashigi. Darasin labarin ƙasa da muka yi shekaru muna fama ya shiga, ran nan ya shiga ba bulala. Wanda ya taɓa ganin tashe a cikin birni da azumi ya san yaran Kano ba baƙin kwaikwayo ba ne.

To, ga abin da muka faɗa wa uban nan da ya huce ya zauna. Caca ba a cikin ƙwaya take ba. Da wuri aka yi caca a ƙasar Hausa tun ba a san ludo ba, da wurin nan kuma aka sayi hatsi. Ita kanta dara, da ba ta da sa'a ko kaɗan, in mutum biyu suka aza kuɗi a gefenta ta zama caca. Abin da ke mai da wasa caca shi ne a sa wani abu, yadda murnarka sai ta fito daga aljihun ɗan'uwanka. Wanda ya saba da haka kuwa ya saba da ƙyashin abin maƙwabcinsa, ko da da alewa ya fara. Saboda haka a ajinmu ba a sa kome, ko alewa, ko biro, ko ranƙwashi, waken ma a gwangwani ɗaya yake kwana. A kan wannan bakinmu ɗaya da maƙwabtanmu Musulmi na cikin birni. A 2024 Hisbar Kano ta rufe shagunan cacar ƙwallo da dama. Sai dai shagon da ke cikin waya, a aljihun yaro, ba mai iya sa masa kwaɗo daga waje.

Amma mun gaya masa yana da rabin gaskiya, ba kuwa don mu faranta masa rai ba. Yaron da duk wasan da ya sani na jefawa ne a jira, yana koyon cewa ci daga sama yake faɗowa, in bai zo yanzu ba sai a sāke jefawa. Da wannan tunani ne masu shagon caca suke cin abinci. Yaron da ya sha kaye a dara ya koma ya duba inda ya sa ɗansa ba daidai ba, wani abu dabam yake koyo. Wanda kuma ya taɓa zama ya ƙago wasa da hannunsa, ya ga yadda gurbi 5 da gurbi 14 suke yanke hukunci tun ba a fara ba, in ya girma aka nuna masa takardar caca zai tambaya wa ya tsara dokar, kuma wa aka ba Ƙofar Wambai.

Da muka ambaci dara sai muka ga fuskar mutumin ta sake. Ya ce, "Dara? Wace iri?" Muka fita bayan aji muka haƙa gurbi 30. Ashe a ƙauyensu tun yana saurayi ba mai zama gabansa, shekara wajen 20 ke nan bai taɓa ba, ɗansa ma bai san ya iya ba. Ya cinye mu sau 2 kafin a buga ƙararrawa, yaron yana tsugune a gefensa baki buɗe. Sai dai mun yi gardama a kan doka ɗaya. Shi ya ce a wurinsu ba a cire ɗan da ke cikin jerin 3 na abokin karawa, mu kuwa muna tsammani mun ga an cire a cikin birni. Ku masu karatu na Zuru, da Katsina, da Zariya, da Maraɗi, a tambayi tsofaffin gida a rubuto wa Edita yadda ake yi a wajenku, da sunayen da kuke kiran kowane irin ci, mu buga a wata mai zuwa in Allah ya kai mu.

Ɗan ludon kuwa yana nan a aljihun teburinmu. Uban ya ce a makaranta ya yarda, tun da Malam yana wurin, amma ban da gidansa.